Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar Soshiyoloji kan Jinsi da Hukuncin Kuɗin Goro

Ɗaliban da ke zana soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma, a ƙarshen sakandare ko a share fagen jami'a, ko ta jarrabawar Cambridge ko ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, yawancinsu sukan ɗauka babin jinsi ne mafi sauƙi. Dalilinsu a fili yake: kowa a gida ya tashi, kowa ya ga aikin da uwa ke yi da wanda uba ke yi, kowa yana da ta cewa. To, wannan sabon ne ke kayar da su. Sai yaro ya cika shafi uku da abin da ya yi imani da shi game da maza da mata, ya fito yana murna, sakamako ya zo ya tarar makin ko rabi bai kai ba.

Mai duba takarda ba ra'ayinku yake nema ba. So yake ya ga kun san ma'anar kalmomin fannin, kun san wane masani ya ce me kuma da wace hujja, sannan kun iya ɗora magana biyu masu karo da juna a kan sikeli ku auna. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su. Idan kuna da makonni huɗu kafin jarrabawa, sun isa, muddin ba ranar da za ta wuce ba ku taɓa littafi ba.

Mataki na 1: Ku nemo manhaja da tsofaffin tambayoyi

Kafin ku buɗe littafin karatu, ku samo manhajar hukumar da za ta yi muku jarrabawa, ta shekarar da za ku zana, domin ana sauya ta lokaci zuwa lokaci. Ku ja layi ƙarƙashin duk inda jinsi ya fito. Za ku ga ba a babi ɗaya yake zaune ba: yana cikin tarbiyya da sanin kai, yana cikin iyali, yana cikin ilimi, yana cikin rashin daidaito a al'umma. Daga nan ku tara tambayoyin shekarun baya. Cambridge tana fitar da tsarin bayar da maki da rahoton masu duba takardu, kuma wannan rahoton ya fi littattafan taƙaitawa da yawa amfani, don a ciki ake faɗin kurakuran da ɗalibai suka tafka a bara. Ku roƙi malaminku ya ba ku.

Mataki na 2: Ku daidaita ma'anoni kafin komai

Ku sayi ƙaramin littafin rubutu na wannan aiki kaɗai. Ku raba kowane shafi gida uku: kalmar kamar yadda take a manhaja da Turanci, ma'anarta da Hausar bakinku, sai misali ɗaya. Idan kun kasa faɗin ma'anar da Hausa yadda ƙanwarku 'yar aji biyu za ta gane, to hadda kuka yi, ba ku fahimta ba tukuna.

Rarrabewa ta farko, wadda duk babin ke tsaye a kanta, ita ce tsakanin jinsin halitta da matsayin jinsi. Na farko shi ne bambancin jiki da aka haifi mutum da shi: mace ke ɗaukar ciki, ita ke shayarwa. Na biyu shi ne abin da al'umma ke sa ran gani daga namiji ko mace: irin tufafi, irin magana, irin sana'a, wanda zai yi kuka a bainar jama'a da wanda zai haɗiye. Masaniyar Ingila Ann Oakley ce ta yaɗa wannan rarrabewa a fannin a shekarar 1972. Gwajin da zai taimake ku shi ne: shin abin yana sauyawa daga gari zuwa gari, ko daga zamani zuwa zamani? Idan yana sauyawa, to na al'umma ne.

Sai hukuncin kuɗin goro, wato a ɗauki hali ɗaya a liƙa wa rukunin mutane gaba ɗaya, ba a duba bambancin da ke tsakaninsu ba. "Mata ba su iya lissafi ba." "Maza ba su iya reno ba." Ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ne ya shigo da wannan tunani cikin nazarin al'umma a 1922, inda ya kwatanta shi da hotunan da muke ɗauke da su a cikin kawunanmu. Ku lura, ba dole ne hukuncin ya zama zagi ba. "Mata sun fi tausayi" yabo ne a kunne, amma shi ne ake kafa hujja da shi a bar wa mace jinyar duk wanda ya kwanta a gida, kuma shi ne ke sa a yi wa namijin da ya karanci aikin jinya kallon mamaki.

Abubuwa uku ne ɗalibai ke cakuɗawa a nan, kuma tambayar ƙaramin maki tana yawan fitowa a kansu. Hukuncin kuɗin goro hoto ne a kai. Ƙyamar da ba dalili hali ne a zuciya, wato mutum ya yanke wa wani hukunci kafin ya san shi. Wariya kuwa aiki ne a zahiri. Mai gareji da ya ɗauka mata ba su da ƙarfin kwance inji yana da hoton. Idan ya ji ba ya son ganin mace a garejinsa, ya kai ga ƙyama. Ranar da yarinya ta zo neman koyon aiki ya kore ta don ita mace ce, ya yi wariya. Ku riƙe misali ɗaya irin wannan da ya ratsa duka ukun, zai fi muku ma'anoni uku da aka haddace daban-daban.

Sauran kalmomin da ya kamata su shiga littafin: tarbiyyar farko ta gida da ta biyu ta waje, ƙa'idojin zama da ɗabi'un da ake darajantawa, lada da horon al'umma, rinjayen maza, rabon aiki bisa jinsi, ɓoyayyar manhaja, laƙabi, da hasashen da ke cika kansa.

Mataki na 3: Ku san yadda ake koya wa yaro matsayinsa

Wannan sashen ne ya fi fitowa, don haka ku daɗe a kansa. Oakley ta bayyana hanyoyi huɗu da iyali ke bi, kuma kowacce tana da misali a tsakar gidanku.

Akwai sarrafa hali: a ƙarfafa abin da ake ganin ya dace da jinsin yaro, a hana wanda bai dace ba. Yaro ɗan shekara huɗu ya faɗi ya ƙuje gwiwa, a ce masa, "Tashi, namiji ba ya kuka." 'Yar'uwarsa ta hau katanga, a ce, "Sauko, ke ba namiji ba ce." Akwai karkatar da sha'awa ta hanyar kayan wasa: ita 'yartsana da ƙananan tukwane na tuwon ƙasa, shi ƙwallo da motar kara da danƙon harbin tsuntsu. Akwai kiran suna da kirari: shi "maigida", "jarumi", "namijin duniya", ita "amarya", "uwar gida", "'yar lele". Sai ayyuka daban-daban: ita shara da wanke-wanke da goyon ƙani, shi aike kasuwa, kiwo, ko zaman shago tare da uba. Idan tambaya ta ce ku kawo hanyoyi biyu, ku ambaci sunan hanyar, ku faɗi yadda take aiki, ku ba da misali, ku tsaya. Ƙarin surutu ba ya ƙara maki.

Bayan iyali sai makaranta. A nan ɓoyayyar manhaja ke aiki, wato darussan da ba a rubuta a jadawali ba amma kowa yana koyonsu. Wa ake sa wa sharar aji, wa ake sa wa ɗaukar benci? Wa ake naɗawa shugaban aji, wa ake ba mataimaki? A hotunan littafin karatu, wa ke sanye da rigar likita, wa ke tsugune gaban murhu? Wa ake tura wa ajin kimiyya da fasaha, wa ake ce wa ya ɗauki darasin kula da gida? Ku haɗa wannan da hasashen da ke cika kansa, tunanin da Robert Merton ya sa wa suna a 1948. Rosenthal da Jacobson sun gwada shi a wata firamare a Kalifoniya, suka wallafa a 1968: an gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice, alhali canke kawai aka yi wajen zaɓensu, kuma yaran suka nuna ƙarin ci gaba. Ku kula, binciken nan ba a kan jinsi aka yi shi ba. Ku ce kuna aro darasinsa ne, kada ku rubuta cewa sun yi nazarin 'yan mata.

Wanda ya shafi jinsi kai tsaye shi ne na Spencer da Steele da Quinn na 1999 a Amurka. Sun ba ɗaliban jami'a maza da mata masu ƙoƙarin lissafi jarrabawa mai wuya. Rukunin da aka gaya wa cewa jarrabawar takan nuna bambanci tsakanin maza da mata, matan cikinsa sun yi ƙasa da maza. Rukunin da aka ce wa ba ta nuna bambanci, sun yi kunnen doki. Ɗalibin da ke son babban maki zai ƙara da cewa wasu da suka maimaita irin wannan gwaji daga baya sun sami tasirin bai kai yadda aka fara zato ba.

Abokai, kafafen yaɗa labarai, addini da wurin aiki su ne sauran. A kan abokai, ku yi maganar horo: dariya, tsokana, da suna irin "mijin ta ce" da ake jifan magidancin da aka ga yana shawara da matarsa. A kan kafafen labarai, ku riƙe Gaye Tuchman, wadda a 1978 ta ce kafafen Amurka suna shafe mata ta hanya uku: a ƙi nuna su, a raina abin da suke yi, ko a yi tir da su. Ku kalli tallan sabulu da na sinadarin miya, ku kalli na banki da na mota, ku ƙirga wa ke yin me. Rabin awa a gaban talabijin da biro a hannu zai ba ku misalai na kanku.

Mataki na 4: Ku jera mazhabobin, kowacce da mai sukarta

Kada ku karanta mazhaba, wato mahangar da wani rukunin masana ke bi wajen fassara al'umma, ita kaɗai. Duk wadda kuka rubuta a shafin hagu, ku rubuta abin da aka ce a kanta a shafin dama, domin a nan makin tantancewa yake.

Masu ganin kowane sashe na al'umma yana da aikin da yake yi don zaman lafiyar sauran, jagoransu a wannan babi Talcott Parsons ne. A 1955 ya ce iyali ya fi daidaita idan miji ya ɗauki nauyin nema da hulɗa da waje, mata kuma ta ɗauki nauyin kulawa da kwantar da hankalin gida. Kafin shi George Murdock ya duba bayanan al'ummomi fiye da 200, ya ce rabon aiki tsakanin maza da mata yana ko'ina, kuma ya danganta shi da ƙarfin jiki da haihuwa. Masu suka suka ce Parsons ya ɗauki gidan farar fata mai matsakaicin hali na Amurkar shekarun 1950 ya mai da shi ma'aunin duniya, kuma bai tambayi wa ke cin ribar tsarin ba.

Hujjar da aka fi kawowa a kansu ita ce ta Margaret Mead, wadda a 1935 ta ba da labarin al'ummomi uku a Niyu Gini. Ta ce Arapesh, maza da matansu duk masu sanyin hali ne; Mundugumor duk masu zafi ne; Tchambuli kuwa mata ke riƙe da harkar nema, maza suna ado. Amma ita ma ba ta tsira ba: masu binciken da suka je daga baya, irin su Deborah Gewertz, sun ce hoton da ta zana na Tchambuli bai cika ba. Ku kawo Mead, ku kawo sukarta a jimla ɗaya.

'Yan Markisanci, wato mabiya tunanin Karl Marx, suna bin Friedrich Engels, wanda a 1884 ya danganta danne mata da bayyanar dukiyar kai da son tabbatar da magaji. Na baya-bayansu sun ƙara da cewa aikin gida da mata ke yi kyauta yana rage wa masu jari tsada. Sukar da ake musu: rinjayen maza ya girmi jari-hujja, kuma bai ɓace ba a ƙasashen da suka yi gurguzu.

Masu rajin haƙƙin mata ba murya ɗaya gare su ba, kuma ɗalibin da ya rubuta "sun ce" ba tare da faɗin wane ɓangare ba, shi ma kuɗin goro ya yi musu. Masu sassaucin ra'ayi suna ganin gyaran doka da ilimi zai kawo daidaito sannu a hankali. Misalinsu dokar daidaita albashi ta Birtaniya ta 1970 da ta hana wariyar jinsi ta 1975. Masu tsattsauran ra'ayi suna ganin matsalar a gindin tsarin take, doka kaɗai ba ta isa ba. Sylvia Walby a 1990 ta lissafa wurare shida da rinjayen maza ke zaune: aikin albashi, aikin gida, al'ada, mu'amalar jima'i, cin zarafi, da hukuma. Kimberlé Crenshaw kuma a 1989 ta nuna cewa jinsi yana haɗuwa da launin fata da sauran matsayi, ta yadda halin da wata mace ke ciki ba shi ne na wata ba. 'Yar attajiri a Nasarawa ta Kano da 'yar talla a ƙauye duk mata ne, amma ba ƙofa ɗaya ce a rufe gabansu ba.

Kada ku manta da maza. Raewyn Connell ta yi bayanin cewa kowace al'umma tana da siffar namiji guda da ta ɗaukaka sama da sauran, kuma mazan da ba su kai ta ba suna shan matsi. Saurayin da ya gama karatu bai sami aiki ba, ga lefe ga sadaki ga kuɗin haya suna jiransa kafin a kira shi cikakken mutum, ya san wannan nauyi ko bai taɓa jin sunan Connell ba.

Akwai abin da na san yana damun ɗalibai da yawa a nan, kuma gara a faɗe shi. Wasu daga cikin ra'ayoyin nan sun saɓa wa abin da kuka tashi a kai na addini da tarbiyya. Ba wanda ya ce ku yarda da su. Rubuta "a ganin Walby" ba mubaya'a ba ce, ruwaito magana ce daga mai ita, kuma ruwaito magana daidai amana ce. Abin da ba zai yi ba shi ne ku mai da takardar amsa mumbarin wa'azi, ko don kare al'ada ko don yaƙar ta. Duka biyun maki ɗaya suke samu, kuma ba mai yawa ba ne.

Mataki na 5: Ku tara misalan gida

Littattafan fannin yawancinsu a Ingila aka rubuta su, shi ya sa ɗalibanmu ke haddace misalan Landan su bar na ƙofar gidansu. Ku riƙe na Landan ɗin, ana buƙatarsu. Sue Sharpe ta tambayi 'yan matan makarantun Landan a farkon shekarun 1970 abin da suka sa a gaba, suka ce soyayya da aure da 'ya'ya, aiki yana can baya. Da ta koma a shekarun 1990 sai ta tarar aiki da dogaro da kai sun hau sama. Young da Willmott a 1973 sun ce miji da mata sun fara raba aikin gida. Oakley a 1974 ta yi hira da matan aure 40 ta tarar kashi 15 cikin 100 na mazajen ne kawai ke taimakawa sosai. Waɗannan ukun suna amsa duk tambayar da ta shafi sauyi.

Amma ku dubi abin da ke gabanku. A cikin gida girki na mata ne. A bakin titi mai shayi da mai tsire da mai dafa Indomie maza ne. A gida mace ke wanki; mai wanki da guga na unguwa namiji ne. Aikin bai sauya ba, abin da ya sauya shi ne wuri da kuɗi. A Kano, rini a marinar Ƙofar Mata sana'ar maza ce; a Abekuta, rinin adire mata aka sani da shi. A ƙasar Hausa magidanci ke zuwa cefane, a ƙasar Yarbawa mata ne ƙashin bayan kasuwa. A wurin Buzaye, namiji ne ke rufe fuska da rawani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hujja ce cewa al'umma ke raba aikin, kuma ba ta gaza ta Mead ƙarfi ba.

Akwai kuma binciken masana a kan ƙasarmu. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki: matan kulle da ke sayar da hatsi da abinci daga cikin gida. Enid Schildkrout ta nuna a Kano a shekarun 1970 yadda wannan ciniki ya dogara da yara masu talla. Wannan yana rushe hoton da baƙo ke ɗauka cewa matar kulle ba ta da hannu a tattalin arziki, kuma yana buɗe wata tambayar: idan 'yar ce ke ɗaukar farantin talla, yaushe za ta zauna a aji? A kudu, Ifi Amadiume a 1987 da Oyeronke Oyewumi a 1997 sun yi jayayya da ɗora ma'aunin Turai a kan Ibo da Yarbawa. Oyewumi ta ce a tsohon tsarin Yarbawa girman shekaru ya fi jinsi tasiri wajen matsayi. A tarihi kuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu ga matan ƙauyuka tun ƙarni na 19.

Ga tambayar siyasa da doka, ku riƙe kaɗan masu ƙarfi. Matan Arewacin Nijeriya ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan na Kudu sun samu tun shekarun 1950, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a fafutukar da ta yi ƙarƙashin NEPU. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana wariya saboda jinsi. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta sa burin kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata, amma a Majalisar Dattawan da aka rantsar a 2023, mai kujeru 109, matan ba su kai 5 ba. A Ruwanda kuwa, inda kundin 2003 ya ware wa mata aƙalla kashi 30, sun haura kashi 60 a majalisar wakilai. Da waɗannan kaɗai za ku iya gina muhawara a kan ko doka tana isa.

Sharaɗi ɗaya: adadin da ba ku tabbatar ba, kada ku rubuta shi. "Mata 'yan kaɗan ne a majalisa" ya fi lambar ƙarya.

Mataki na 6: Ku koyi gina amsa, da agogo a gaba

Daga mako na uku, rubutu ya fi karatu yawa. Ku fara da kalmar umarni da ke cikin tambaya. Idan ma'ana aka nema, jimla ɗaya ko biyu da misali. Idan siffantawa ce, ku faɗi abin da yadda yake. Idan bayani ne, dole a ga "saboda" da "wannan ke jawo" a amsarku. Idan aka ce ku tantance, ko aka ce "har zuwa wane mataki", to ɓangare biyu ake nema da hukunci a ƙarshe, kuma wanda ya kawo ɓangare ɗaya, komai kyansa, ya rufe wa kansa rabin maki.

Kowane sakin layi ya ɗauki abu huɗu: magana ɗaya, hujjarta, bayanin yadda hujjar ta tabbatar da maganar, sai komawa ga tambaya. A ce tambayar ita ce, har zuwa wane mataki iyali ne babban mai koyar da matsayin jinsi? Ga irin abin da ake yawan gani:

"Iyali yana da muhimmanci ƙwarai domin uwa ita ce makarantar farko. Ya kamata iyaye su koya wa 'ya'ya mata girki domin su zama matan kirki."

Ba kalmar fanni, ba masani, ba hujja, kuma "ya kamata" ta mai da shi nasiha. Ga wanda zai ci maki:

"Iyali ne ke fara koyar da matsayin jinsi, a shekarun da yaro bai iya tambayar dalili ba. Oakley ta nuna iyaye suna karkatar da sha'awar yara ta kayan wasa. A gidajen Hausawa da yawa ana ba yarinya 'yartsana da tukwanen wasa, yaro kuma ƙwallo. Ta haka yarinya ke tasowa tana ganin reno da girki nata ne tun kafin ta shiga aji ɗaya. Sai dai binciken Sharpe ya nuna burin 'yan mata ya sauya cikin shekaru 20, abin da ke nuna makaranta da kasuwar aiki suna iya sauya abin da gida ya dasa."

Ku ga yadda jimlar ƙarshe ta buɗe ƙofar ɓangare na biyu. A hukuncin ƙarshe ku ɗauki matsaya, ku faɗi dalili: misali, iyali ya fi tasiri a ƙuruciya, abokai da waya sun fi tasiri a samartaka. "Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa" ba hukunci ba ne.

Ku tsare harshenku daga "duk mata" da "maza kullum". Ku ce "da yawa", "galibi", "a wasu al'ummomi". Abin takaici ne a ga ɗalibi ya fayyace hukuncin kuɗin goro daidai a tambaya ta farko, sannan ya aikata shi a ta biyar.

Lokaci kuwa, ku raba mintunan takarda da jimlar maki, ku san minti nawa kowane maki ya cancanta. Ku amsa tsohuwar tambaya da agogo, ba littafi a buɗe, sannan ku ba aboki ya duba da tsarin bayar da maki, ku ma ku duba tasa. Wanda ya duba takardar wani sau da yawa yakan fara ganin ramukan tasa tun yana rubutu.

Mataki na 7: Makon ƙarshe da ranar kanta

Kada ku buɗe sabon babi. Ku taƙaita komai a takarda ɗaya: masana goma zuwa goma sha biyu, kowanne da shekara, da jimla ɗaya ta abin da ya ce, da jimla ɗaya ta sukarsa. Ku rufe takardar ku faɗa da ka, bayan sallar asuba ko a hanyar makaranta, ku buɗe ku ga abin da ya zube. Sunayen ku rubuta su da hannu har sai harafinsu ya zauna. Idan shekara ta ɓace muku a ɗakin jarrabawa, ku rubuta sunan da abin da ya ce ku wuce; idan sunan ne ya ɓace, ku ambaci mazhabar.

Daren jarrabawa ku yi barci. Da aka raba takarda, ku karanta tambayoyin duka kafin ku zaɓa, ku ja layi ƙarƙashin kalmar umarni da kuma abin da aka taƙaita tambayar a kai, don tambayar da ta ce "a makaranta" ba ta son labarin iyali. Babbar tambaya ku ba ta minti biyu ko uku na tsari a gefen takarda: hujjoji uku na goyon baya, uku na suka, da masanin da zai raka kowacce. Idan lokaci ya ƙure kuna tsakiyar amsa, ku bar sakin layin da kuke ciki ku rubuta hukuncin ƙarshe, ko da jimla biyu ne, domin akwai makin da ba a bayarwa sai an gan shi.